Ƙamus a Kan Allo

Na haddace ƙamus na Turanci tun daga harafin A har tsakiyar harafin P, kuma ban ci jarrabawar da na yi haddar dominta ba. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya zauna yana jiran daɗi a ƙarshe.

A tsohon Zangon Lome aka haife ni, kafin a tashe mu a kai mu can bayan gari. Kakana daga ƙasar Zazzau ya zo da fataucin goro, ya ga gari ya karɓe shi, ya zauna. Mahaifina yana da rumfar kayan keke: taya, sarƙa, birki, bawul, duk abin da keke ke nema. Ni ne ɗansa na fari, kuma ni ne na farko a gidan da aka sa a lakwal, wato makarantar Faransanci. Na gama firamare, na shiga kwaleji na yi shekara uku. A nan abin ya tsaya. Zamanin jam'iyya ɗaya ne, ɗalibi kuma aikinsa biyu, karatu da rawa. Duk ranar da babban baƙo zai sauka, sai a kwashe mu daga aji a kai mu fili, a raba mana riguna iri ɗaya, mu yi ta tafi da juyi muna yabon shugaban ƙasa, mutumin da ba mu taɓa gani kusa ba. Ni dogo ne, ga murya, saboda haka kullum ina sahun gaba. Ba zan ɗora wa rawa laifin duka ba, ni ma na yi wasa. Aka yi jarrabawa na faɗi, mahaifina ya miƙo mini sifana ya ce ga karatunka nan.

Lissafi kaɗai na fito da shi daga lakwal, shi kam na iya, ban taɓa wahala a kansa ba. Turanci kuwa ina da irin na Aflawo, garin da ke bakin iyakarmu da Gana, inda nake tsallakawa in sayo kayan rumfa. Na iya cewa nawa ne, ya yi tsada, rage, kawo, tafi can. Na iya zagi ƙwarai. A Zango ana ɗaukata wanda ya iya Turanci, ni ma haka na ɗauki kaina.

Ina da shekara ashirin da ɗaya wasiƙa ta zo daga kawuna, ƙanin mahaifiyata, da ke aiki a Zariya. Ya ce akwai wata makaranta a can arewacin Najeriya da ke koyar da aikin safiyo, masu awon ƙasa, waɗanda ke leƙa na'ura mai ƙafa uku suna fitar da hanyoyi da filaye. Suna ɗaukar wanda bai gama kwaleji ba idan ya ci jarrabawar shiga. Ya yi roƙo an sa sunana. Za a zauna jarrabawar a Legas nan da wata bakwai, takarda biyu, lissafi da Turanci. Ya ja layi a ƙarƙashin magana ɗaya: baɗi shekaruna sun wuce waɗanda suke ɗauka. Sau ɗaya ke nan.

A cikin ambulan ɗin ya saka takardar jarrabawar bara. Na zauna a bayan rumfa na yi lissafin kafin a kira la'asar. Na juya ga Turancin. Shafi guda ne na magana, da tambayoyi a ƙasa. Na karanta sau uku. Ƙananan kalmomin na san su, amma tsakaninsu akwai wasu dogaye masu nauyi, kuma duk ma'anar a kansu take. Ban san ko marubucin yabo yake ko kuka ba.

Mahaifiyata ce ta ce in je wurin Tica. Wata dattijuwa ce 'yar ƙabilar Ewe da ke sayar da burodi a kan tebur a bakin shiga Zango. Ta yi shekaru tana koyarwa a Gana, har can arewacinta, inda ta koyi Hausa. Kowa Tica yake ce mata, har limaminmu. Na je da takardar a aljihu, ina jin nauyin a gan ni.

"Karanta mini," ta ce. Na karanta da ƙarfi, irin na sahun gaba.

"Muryar dai akwai. To rufe takardar, gaya mini abin da mutumin ke cewa. Da Hausa ma ya isa."

Na rufe takardar, na tsaya ina juya ta a hannu.

"Da Faransanci?"

Ta kori ƙuda daga kan burodi.

"Malam ƙarami, Turanci biyu ne. Akwai na ciniki, akwai na littafi. Na ciniki kana da shi har ya yi maka yawa, jiya na ji abin da ka gaya wa mai kura. Na littafi ba ka da ko ɗaya. Amma kada ka tsorata, kalmominsa ba su kai yawan da kake zato ba. Su ɗin ne dai suke ta dawowa, a littafin ƙasa, a littafin lafiya, a jarida. Wasu ma ka san 'yan'uwansu a Faransanci, ba ka lura ba ne."

Muka shirya zan riƙa zuwa da hantsi idan cinikinta ya lafa, ni kuma in riƙa duba keken da ake kawo mata burodi da shi. Ta ba ni wani tsohon littafin labarin ƙasa wanda bangonsa ya cire. Kullum shafi ɗaya. In karanta, mu zaɓi kalma biyar. Ba kowace baƙuwar kalma take yarda in ɗauka ba. Idan na nuna sunan wani tsuntsu ko wani dutse, sai ta ce bar shi, ba za ka sake haɗuwa da shi ba. Waɗanda take so su ne masu ɗaure magana: wadda ke nuna dalili, wadda ke nuna abin da ya biyo baya, wadda ake kwatanta abu biyu da ita, wadda ke raba abin da aka tabbatar da abin da ake zato. Kowace ɗaya sai na kwafi jimlar da na same ta a ciki, sai na nemo danginta, sannan in yi jimla uku tawa ta kaina, a kan abin da na sani. A kan rumfarmu, a kan ruwan da ke kwanciya a lungunmu da damina, a kan dalilin da ya sa taya ke fashewa da rana. Bayan kwana uku sai ta jefo mini tsohuwar kalma ba zato, ta ce yi mini magana da ita.

Takarduna suna dawowa jajawur da gyara. Ni da ake kira in yi wa mutane tafinta da direbobin Gana, ga ni a kan benci kusa da teburin burodi, ana gaya mini jimlata ba ta da ƙafa.

Samarin da ke zama a rumfarmu suka samu abin yi.

"Ga ɗalibin mai burodi ya dawo."

"Yau me aka koya, yanka ko shafa bota?"

"Ku bar shi, Bature ne. Bature, yaya ake ce wa ɓawon burodi a Ingila?"

Ina dariya da su, amma abin yana ci na. Abin da ya fi ci na kuwa shi ne lissafin da na yi, ni da na iya lissafi. Wata guda ya tafi. Biyar sau talatin. Na je wurin wani maƙwabcinmu mai fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa, na ari ƙamus ɗinsa, ƙarami na 'yan makaranta, na ƙirga kalmomin shafi ɗaya, na ninka da yawan shafuka. Na ajiye abin da na samu kusa da abin da Tica za ta ba ni a wata bakwai. A ganina tana ɗebo mini ruwa da cokali ne.

A wannan halin Baffa ya same ni. Ƙanin mahaifina ne, alaramma, ya haddace Alƙur'ani tun yana yaro, ya kuma rubuta shi da ka. Mutumin kirki ne, kada a fahimce ni ba daidai ba. Bai taɓa nufina da komai ba sai alheri, kuma ya rasu ina ƙaunarsa. Yana zaune a zaure a kan buzunsa ya ce in zo in gaya masa yadda karatun ke tafiya.

"Kalma biyar?" ya ce.

"Biyar, Baffa."

"A yini?"

"A yini."

Ya dubi mahaifina, mahaifina ya dubi ƙasa.

"Shi Turancin nan, ba shi da littafin da ya tattara shi wuri ɗaya?"

"Akwai. Ƙamus."

"Kawo."

Na kawo. Bai buɗe ba, tunda ba ya karanta boko. Ya ɗora shi a tafin hannu yana auna nauyinsa.

"Wannan ne ya hana ka barci? Kai ɗan nan. Mu da muka ɗauke Littafin Allah a ka ba mu kai ka girma ba, wannan ɗan abin ne zai gagari jininmu? Ka ɗauke shi duka. Duk inda suka tambaya, yana cikinka."

Wallahi maganar ta shige ni kamar ruwan sanyi. Ba shi kaɗai ba, duk wanda ya tashi a irin gidanmu haka zai gani. Mu abin da muka sani game da ilimi shi ne a ɗauke shi a ka, daga farko zuwa ƙarshe, ba a tsallake komai. Wanda ya yi haka shi ne malami. Ni kaina na yi izu goma a hannun Baffa kafin lakwal ta ɗauke ni, na san hanyar, kuma kaina yana riƙewa.

Baffa ya kafa sharaɗi ɗaya. Allon da ya taɓa ɗaukar aya ba zai ɗauki maganar nasara ba. Ya aika wurin kafinta aka sassaƙo sabon allo, babba, aka goge shi. Shi da kansa ya feƙe mini alƙalami ya dama tawada. Bayan sallar asuba sai in zauna a zaure in rubuta kalma arba'in, kowace da ma'anarta yadda ƙamus ya kawo, fuska biyu na allon. In yi ta biyawa ina kaɗa jiki har hantsi. A rumfa, ina ɗaure sarƙa ina biyawa. Bayan la'asar in zo gabansa in kawo hadda. Ba ya jin ko kalma ɗaya, amma kunnensa ya shekara arba'in yana sauraron masu hadda. Da na yi tuntuɓe, ko na tsallake layi, sai ya ɗaga yatsa.

"Koma. Nan ba haka ka faɗa ɗazu ba."

In duba allo, in ga gaskiyarsa. Idan ta zauna sai ya ce wanke. Ranar farko mahaifiyata ta kawo ƙwarya ta tara, ta ce ko zan sha. Baffa ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

"Zuba a kwata, Mma. Wannan ba na sha ba ne."

Ranar Alhamis ba sabon rubutu, sai tilawar abin da ya wuce, daga A.

Akwai abin da na sani tun a makon farko kuma ban gaya wa kowa ba. Ma'anar da ƙamus ke bayarwa ita ma da Turanci take. Rabinta ban gane ba. Ina haddace kalmar da ban sani ba, da bayaninta da ban sani ba. Na gaya wa kaina ai kalmomin bayanin ma suna cikin littafin, zan iso su a gaba, ranar da na kai ƙarshe komai zai buɗe.

Na yi kwana goma ban je wurin Tica ba. Da na je, na je ne da littafinta a hannu da harafin A a kai. Na tsaya a gaban tebur na fara. Na yi shafi biyu ban numfasa ba. Wata mata da ta zo sayen burodi ta tsaya baki buɗe. Tica ta bar ni na gama.

"Kai," ta ce, "Allah ya ba ka kai. Ban taɓa koyar da mai irinsa ba." Sai ta zaɓi ɗaya daga cikin waɗanda na faɗa, wadda ke nufin a ɗauki abu a kan gaskiya ne kafin a tabbatar. "To ga wannan. Yau burodina bai tashi ba. Yi mini magana da ita a kan haka."

Na faɗi ma'anar kalmar, daidai yadda take a shafi.

"Na ji. Ban ce ka gaya mini wace ce ba. Na ce ka aike ta."

Na sake faɗin ma'anar, da ƙarfi. Matar nan mai saye ta yi 'yar dariya, ba da mugunta ba, amma na ji ta.

"Malam ƙarami, zauna. Waɗancan mutanen ba za su ce ka karanto musu shafi ba. Za su ba ka magana su ce me ka fahimta, sannan su ce rubuta naka. Ka tara sarƙa dubu a rumfa, in ba ka ɗaura ɗaya a keke ba, da ƙafa za ka je gida. Ka yi haddar in kana so, amma ka riƙa zuwa muna yin biyar ɗinmu."

Da ma na zauna. Benci yana nan, wurina ne. Amma na ce mata, kuma ina tuna kalmomin sarai domin na sha maimaita su a raina:

"Tica, da hanyarki tana kai mutum wani wuri, da ba burodi kike sayarwa ba."

Ta karɓi littafinta, ta goge bayansa da gefen zane, ta sa a ƙarƙashin tebur. Ta juya ga matar ta ce guda nawa.

Daga nan na ƙara zuwa sittin a yini. Zango ya ji labari. Samarin da ke tsokanata suka koma kawo mutane. A buɗe ƙamus ko'ina a faɗi kalma, ni kuma in kama daga nan in zuba. Suka sa mini suna Ƙamus. Wani ɗan kwaleji mai ji da Faransanci ya zo ya gwada ni sau bakwai, ya tafi yana girgiza kai. Tsofaffi a ƙofar masallaci suna cewa jinin alaramma ba ya ɓuya. Mahaifina, wanda bai taɓa yabona ba tun da na faɗi a lakwal, ya fara ce mini je ka yi karatunka, zan riƙe rumfa. Wannan ya fi komai daɗi, kuma shi ya rufe mini baki. Wa zai je ya ce wa mahaifinsa, a irin wannan lokaci, ban gane abin da nake faɗa ba?

Ana saura wata biyu aka zo aka rubuta samarin unguwa, wai za a yi baƙo. Ba a cewa a'a. Kwana goma sha biyu muna fili daga safe, rana tana dukanmu. Ina sahun gaba, ina tafi, bakina yana motsi. Mai koya mana rawa ya ɗauka waƙar nake yi. Harafin M nake biyawa.

Ranar tafiya na tsaya a tsakiyar P. Na damu da abin da ya rage, Baffa ya ce wanda ya ɗauki wannan, Allah zai cika masa sauran. Ya yi mini addu'a ya tofa a kaina. Mahaifiyata ta ɗaure mini ƙuli-ƙuli da garin rogo. Na shiga mota ta Kwatano, muka sha tsayawa a hannun jandarmomi da 'yan duwan, wato kwastan, muka isa Legas washegari. Na sauka wurin wani abokin kawuna mai sayar da shanu.

Babban ɗaki ne mai fanka, mu fi ɗari. Lissafi aka fara. Na gama, na duba, na sake dubawa, har yanzu wasu suna cizon biro. Na fita na sha ruwa ina jin na riga na ɗauki na'urar nan a kafaɗa.

Bayan azahar aka raba Turanci. Maganar a kan wani kogi ce da ke cin gaɓarsa, da mutanen wani ƙauye da ake so su tashi, da mutum biyu da suka saɓa a kan abin da ya kamata a yi. Wannan na gane shi ne daga baya, da na yi shekaru ina juya takardar a kaina. A ɗakin, abin da na fara gani shi ne na san kalmomin. Kusan duk dogayen nan na san su, ban da waɗanda suka fara da haruffan bayan P. Na yi hamdala.

Sai na fara karantawa. Na iso kalma ta farko mai nauyi, na nemi ma'anarta a kaina, ba ta zo ita kaɗai ba. Yadda na ɗauke ta haka take zuwa, da ta gabanta da ta bayanta. Sai na koma kan shafinta na ƙamus na gangaro, ina motsa leɓe, har na iso ta. Na same ta. Kafin nan na manta farkon jimlar. Na koma. Na iso ta biyu, na sake hawa wani shafin na gangaro. Ma'anar ta zo, da Turancin da rabinsa duhu ne, kuma iri uku, ban san wacce ake nufi a nan ba. Ban taɓa ganin kalmar tana aiki ba, a jere kawai na san ta. Mai tsaronmu ya zo ya ƙwanƙwasa teburina ya ce in daina magana. Ashe har jikina ya fara kaɗawa.

Tambaya ta farko ta ce in faɗi dalilin da ya sa kogin ke cin gaɓa, da kalmomina. Ta biyu ta ce in kwatanta ra'ayin mutanen biyu. Ta ƙarshe ta ce in rubuta shafi guda, rahoto a kan wata matsala ta unguwarmu da abin da ke jawo ta. Na dubi wannan ta ƙarshen na daɗe. Na san na taɓa yin jimloli a kan ruwan da ke kwanciya a lungunmu. Na neme su. Guda biyu suka zo, tsaf, da gyaransu. Na rubuta su. Su ke nan, wata ɗaya kawai na yi a kan bencin.

Sauran shafin na cika shi da abin da nake da shi. Na jero manyan kalmomi ina haɗa su da ƙananan Aflawo. Da lokaci ya kusa, na koma tambayoyin farko, na zaɓi dogayen kalmomin da ke cikin maganar, na rubuta ma'anar kowace yadda take a ƙamus, ba kuskure ko ɗaya. Na ce ko ba komai za su ga na sani. Yaron da ke gefena, wanda na ji Turancinsa a waje ban ɗauke shi komai ba, ya cika shafinsa da 'yan gajerun jimloli ya ajiye biro.

Da na dawo Lome aka tare ni kamar na dawo daga Makka. Na ce jarrabawa ta yi kyau. Wata biyu ina faɗin haka.

Wasiƙar kawu ta zo ranar wata Talata. Ni na karanta wa mahaifina, tunda ni ne mai karanta wasiƙu a gidan. Ya ce ya je ya tambaya da kansa. A lissafi ina cikin na sama. A Turanci ban kai ko kusa ba, kuma ba sa ɗaukar wanda ya faɗi ɗaya, domin safiyo rahoto yake rubutawa. Ya ce ya yi roƙo, an ce masa babu hanya. Ya ce in yi haƙuri.

Mahaifina yana riƙe da wata taya. Ya ci gaba da murza ta yana neman inda ta huje. Can ya ce, "Miƙo mini gam." Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Baffa ya ce ba rabo. Ya ce da na kai ƙarshen littafin, da wataƙila. Ya gaskata haka har zuciyarsa, ni kuma ban gyara masa ba. Mutanen Zango suka ce an yi mini ƙabilanci ne a Legas, don ni ɗan Togo ne, na bar su a kan haka, har na riƙa taya su faɗa. Ya fi mini sauƙi. Hanyar teburin burodi kuwa na daina bi. Ina zagayawa ta bayan masallaci, ko da kaya a kaina. Mahaifiyata ta ce Tica ta tambaye ta ni sau biyu. Ban je ba. Ba ni da wani dalili mai kyau da zan rubuta a nan.

Bayan 'yan shekaru aka tashe Zango. Aka kwashe mu da tabarmi da tukwane aka zube mu a wani fili can arewa da gari, ciyawa da ruwa kwance. Rumfa ta tafi, aiki ya tsaya. Daga baya aka turo masu awo su yanka filaye, suna neman ƙarti masu riƙe musu sanda da ɗaukar turaku. Na ba da sunana, don gida yana bukatar abinci.

Mako uku na yi da su. Shugabansu bai kai ni shekaru ba. Yana leƙa na'ura, yana ɗaga hannu, in matsa dama, in matsa hagu, in tsaya cak da sanda mai zane ja da fari. Yana faɗin lambobi, na kusa da shi yana rubutawa, su tsaya suna haɗawa a takarda. Sau da yawa ina gama lissafin a kaina kafin su gama. Ranar nan na ji sun yi kuskure a kusurwar wani fili, na san sun yi, na tsaya da sandata ina kallonsu har suka gano da kansu. Ba wanda ya tambaye ni. Da aikin ya ƙare suka naɗe kayansu suka shiga mota. Na nemo langa-langa huɗu da katako, na kafa rumfar keke a bakin sabuwar hanyar, inda nake har yau.